Wai Daji Ba Ya Son Ƙarfe: Magana Kan Sankarar Mama a Zango



Akwai wata magana da kakanninmu suka taho da ita daga ƙasar Hausa tare da kayan fataucinsu, har yau kuma tana nan da ranta a tsakar gidajenmu, wai daji ba ya son ƙarfe. Ma'anarta, idan ƙari ya fito a jiki kada a bari allura ta huda shi, kada kuma wuƙar likita ta taɓa shi, domin da zarar ƙarfe ya shige shi sai ya fusata ya watsu. Saboda wannan magana mace kan ji ƙullutu a mamanta ta yi shiru wata da watanni, tana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, har sai abin ya fashe ya gagari ɓoyewa. A ganina lokaci ya yi da za mu ajiye ta, domin abin da take jawowa shi ne ainihin abin da ake gudu. Macen da ta je asibiti da wuri ita ta fi samun damar tsira da ranta da mamanta duka biyu. Wadda ta jinkirta don tsoron yanka, ita yankan ya fi kamawa.

Maganar ba daga sama ta faɗo ba, kuma masu faɗinta ba wawaye ba ne. Abin da idonsu ya gani suke faɗi. An ɓoye ciwo shekara guda ko biyu, ya riga ya kai huhu ko hanta ko ƙashi, sannan aka kai mai shi asibiti a kwance. Likita ya yi abin da zai iya, bayan 'yan watanni aka yi jana'iza. Sai a zauna wajen zaman makoki a ce ai aikin da aka yi mata ne ya kashe ta. Matar da ke zaune a gefe, wadda ita ma ta ji wani abu a mamanta a makon jiya, sai ta ƙudurce a ranta ba za ta je ba. Haka abin ke zagayawa, jinkiri ya kawo mutuwa, mutuwar kuma ta zama hujjar sabon jinkiri. Wani abin da ya ƙara wa maganar ƙarfi shi ne, a bakin mutanenmu kalmar daji ta haɗa kumburi da maruru da gyambo iri-iri, waɗanda wasunsu kan warke da kansu. In aka shafa magani suka baje, sai a ce an warkar da daji ba tare da ƙarfe ba, alhali tun farko ba sankara ba ce.

Domin a gane inda kuskuren yake, sai a san yadda ciwon ke somawa. A cikin maman mace akwai 'yan jakunkunan da ke haɗa ruwan nono, akwai kuma siraran bututu da ke ɗauko shi zuwa kan mama. Mafi yawan sankarar mama a cikin waɗannan bututu take farawa, sa'ad da ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin bututun suka lalace suka shiga hayayyafa ba tsari. Da farko suna nan a kulle cikin bututun, ba su keta bangonsa ba. Wannan shi ne matakin da likitoci ke kira mataki na sifili, kuma a takardar sakamako za a ga an rubuta haruffa huɗu, DCIS. Muddin ciwon bai fita daga bututu ba, ba shi da hanyar zuwa wani sashe na jiki. Wani babban bincike da aka wallafa a 2015 kan matan Amurka ya nuna cewa cikin mata 100 da aka gano ciwon a wannan mataki, kimanin 3 kaɗai ya zama ajalinsu a tsawon shekara 20. Ba kowane irin wannan ne ke ci gaba ya zama mai haɗari ba, amma har yanzu babu gwajin da zai tabbatar da wanne zai tsaya, wanne zai wuce, shi ya sa ake yi masa magani.

Idan ƙwayoyin suka keta bangon bututu suka shiga naman mama, ciwon ya zama mai yaɗo. Wannan shi ne nau'in da ya fi yawa, kusan 7 zuwa 8 cikin kowace sankarar mama 10 mai yaɗo. Daga nan yana iya bin hanyoyin ruwan jiki zuwa kaluluwar hammata, ko ya bi jini zuwa nesa. Likitoci sun kasa shi mataki huɗu. A mataki na ɗaya ƙarin bai wuce santimita 2 ba, wato kamar girman gyaɗa. A na biyu ya kai kamar lemun tsami, ko ya taɓa kaluluwa kaɗan. A na uku ya yi girma sosai, ko ya kama fata ko bangon ƙirji, ko ya cika hammata. A na huɗu ya tafi wasu sassan jiki, inda ake iya rage masa ƙarfi da tsawaita kwana amma warkewa ta yi wuya. Abin da ke kai ciwo daga gyaɗa zuwa lemu, daga lemu zuwa huhu, lokaci ne. Ko an taɓa shi da ƙarfe ko ba a taɓa ba, yana tafiya.

Abin da ya fi yaudarar mata shi ne sankarar mama a farkonta galibi ba ta zafi. Mun saba ɗaukar raɗaɗi a matsayin ma'aunin ciwo, abin da ba ya hana barci ko zuwa kasuwa ba ma kiransa ciwo. To wannan ciwo shiru yake zuwa. Alamunsa su ne ƙullutu mai tauri a mama ko a hammata, jini ko wani ruwa daga kan mama ɗaya ba tare da shayarwa ba, kan mama ya nutse ciki bayan da ba haka yake ba, fata ta lotsa ko ta yi kamar ɓawon lemu, ko ƙuraje a kan mama da suka ƙi warkewa. Shi kuwa na matakin sifili sau da yawa ko ƙullutu ba ya yi. A hoton mama da ake kira mamogiram ake hango shi, kamar 'yan ɗigo-ɗigon farin alli. A Amurka, inda mata ke yin wannan hoto a kai a kai, kusan 1 cikin 5 na sankarar mama a wannan mataki ake kama ta. Mu a Gana ba mu da tsarin kiran mata hoto na ƙasa baki ɗaya, don haka hannun mace da idonta su ne masu gadin farko.

A asibiti abu uku ake haɗawa kafin a yanke hukunci. Likita ko ma'aikaciyar jinya za ta duba da hannu. Sannan a yi hoto, mamogiram ga wadda ta kai shekara 40, sikanin ga mai ƙananan shekaru, wani lokaci duka biyu. Idan an ga abin zargi sai a kashe wurin da allura, a sa wata allura a tsakuro ɗan nama da bai kai ƙwayar shinkafa kauri ba, a kai ɗakin gwaji. A nan ne mutanenmu suka fi gudu, domin ga ƙarfe ya zo. Amma wannan allura ana yin ta ga miliyoyin mata a duniya kowace shekara, kuma binciken likitoci bai nuna tana rage wa mace damar warkewa ba. Ita ce kaɗai ke iya cewa wannan sankara ce, wannan ba ita ba ce. Kuma kusan 8 cikin ƙullutu 10 da ake samu a mama ba sankara ba ne. Mace na iya kwana shekara cikin fargaba a kan abin da gwajin 'yan makonni zai wanke ta daga gare shi.

Wannan ɗan nama shi ne kuma ke gaya wa likita irin maganin da zai ci. Wata sankarar da sinadarin jikin mace take rayuwa, ita ana ba ta ƙwaya irin tamoksifen, guda ɗaya kullum har shekara 5 ko fiye. Wata tana ɗauke da alamar da ake kira HER2, tana da allurarta ta musamman. Wata kuwa ba ta da ko ɗaya daga cikin alamun, sai da kemo, wato maganin ƙarin ruwa mai kashe ƙwayoyin sankara. Bincike a Kumasi da wasu wurare ya nuna wannan nau'i na ƙarshe, mai saurin girma, ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da matan Turai, kuma a ƙasarmu mata da yawa suna tsakanin shekara 40 da 50 ciwon ke kama su. Wato mu ne muka fi kowa rashin lokacin ɓatawa. Mai magani da ya ba da gora guda ga kowane daji, bai san wanne daga cikin waɗannan yake fuskanta ba, ba shi kuma da hanyar sani.

Sai maganar wuƙa. Tsoron cire mama yana da tarihi. A ƙarshen ƙarni na 19 wani likitan Amurka, William Halsted, ya kafa aikin da ake cire mama da naman ƙirji da kaluluwar hammata gaba ɗaya, aka kuma bi wannan hanya shekaru da dama. Daga baya Umberto Veronesi a birnin Milan na Italiya da Bernard Fisher a Amurka suka gwada wata hanya ga matan da ciwonsu bai yi nisa ba: a cire ƙarin kaɗai da ɗan naman da ke kewaye da shi, a bar mama, sannan a bi wurin da gashin na'ura mai haske. A 2002 dukansu biyu suka wallafa sakamakon bibiyar shekara 20, aka ga matan da aka bar musu mama sun rayu daidai da waɗanda aka cire wa. Wannan aiki ana yin sa a Gana. Sharaɗinsa dai ƙarin ya kasance ƙarami idan aka gwada da girman maman, kuma mace ta yarda ta kammala gashin, wanda kan ɗauki mako 3 zuwa 6, Litinin zuwa Juma'a.

Ba zan ce duk wadda ta zo da wuri za a bar mata mama ba. Wani lokaci ciwon, ko da na matakin sifili ne, ya bazu cikin bututu da yawa, ba yadda za a yi sai an cire duka. Amma wadda ta zo da gyaɗa tana da zaɓi a gabanta, ana zama da ita a tattauna. Wadda ta zo da gyambo zaɓin ya riga ya wuce ta. Akwai kuma wani tarko da ya kamata a sani. Sau da yawa akan fara da kemo domin ƙarin ya ƙanƙance kafin aiki. Mace ta sha zagaye uku ko huɗu, ta shafa ta ji ƙullutun ya kusa ɓacewa, ga gashin kai ya zube, ga amai da kasala, sai dangi su ce ai ta warke, a bar ta ta huta. Bayan watanni ciwon ya dawo da ƙarfin da ya fi na da. Gashin kai yana sake tsirowa. Damar da aka bari ta wuce ba kullum take dawowa ba.

Alƙaluma sun nuna girman abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar mama, 670,000 suka rasu. A ƙasashe masu arziki sama da 90 cikin 100 na raye bayan shekara 5, a Afirka ta Kudu 40 cikin 100. A Gana ƙiyasin 2020 ya nuna kusan mata 4,500 suka kamu a shekarar, sama da 2,000 suka rasu, kuma fiye da rabin masu zuwa manyan asibitocinmu a mataki na uku ko na huɗu suke zuwa. A 2009 Farfesa Clegg-Lamptey na asibitin Korle Bu da abokan aikinsa sun wallafa wani bincike kan dalilin da ya sa mata ke zuwa a makare ko su gudu ana cikin magani. Cikin abin da matan suka faɗa akwai tsoron cire mama, da maganin gargajiya, da zuwa sansanin addu'a, da rashin kuɗi, da rashin sanin ciwon. Akwai ma waɗanda sun je wani ƙaramin asibiti tun da wuri, ba a tura su gaba ba. Don haka idan an ba ki maganin kumburi kin sha kin gama ƙullutu na nan, ki koma ki nemi a tura ki babban asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ƙasashe ma'auni uku: a kama aƙalla 60 cikin 100 a mataki na ɗaya ko na biyu, a gama gwaje-gwaje cikin kwana 60, kuma 80 cikin 100 su kammala magani. Biyu daga cikin ukun nan, zuwa da wuri da kammalawa, a tsakar gida ake fara yanke hukuncinsu.

Mu mazauna Maamobi muna da abin da mata da yawa a ƙasar nan ba su da shi, wato kusanci. Babban asibitin Maamobi yana cikin unguwa. Asibitin soja na 37 da na Ridge ba nisa. Korle Bu, wanda aka buɗe tun 1923, yana da cibiyar gashin sankara tun 1997. Shekara da shekaru matan Bawku da Wa da Yendi suna tafiyar yini guda zuwa Kumasi ko Accra don neman wannan gashi, su kama ɗaki ko su raɓa gidan dangi a Zango. Mu kuwa trotro ɗaya ko biyu ke tsakaninmu da shi. Abin kunya ne baƙuwa daga arewa ta riga mai gida isa ƙofar.

Na san za a ce kuɗi, kuma gaskiya ne. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda dokar 2003 ta kafa, ta sa sankarar mama cikin cututtukan da take ɗauka, amma duk wanda ya yi jinya ya san akwai gwaje-gwaje da magunguna da kuɗin mota da daga aljihu suke fita, ga sana'a da ke tsayawa. Wannan haƙƙi ne da ya kamata 'yan majalisarmu da sarakunanmu su ci gaba da bi. Sai dai jinkiri ba ya rage kuɗin, ninka shi yake yi. Kuɗin da ake zubawa a jiƙe-jiƙe na wata shida sau da yawa ya isa hoto da gwaji. Katin inshora kuwa da wayar hannu ake sabunta shi, a danna *929#. Kuma al'ummar da ke iya fitar da yayi na biki cikin mako guda, ta tara adashi ba fashi, ba za ta kasa buɗe asusun gwaji a kowace ƙungiyar mata ba.

Za a ce kunya, mace ta buɗe ƙirjinta ga namijin da ba muharraminta ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan, larura ta halatta likita ya ga abin da magani ya buƙata gwargwadon buƙata. Mace na da damar neman ma'aikaciya mace ta duba ta, ko wata ta tsaya tare da ita a ɗakin. Za a ce addu'a. Ba wanda ya hana tofi ko sadaka ko tsayuwar dare, kuma mai jinya ta fi kowa buƙatarsu. Amma darasin ɗaure raƙumi kafin tawakkali tun muna makaranta muka san shi. Ina roƙon malamanmu, idan mace ta zo da ƙullutu a mama, a yi mata addu'a a kuma ce mata gobe da safe ta tafi asibiti. Wannan ciwo ba jifa ba ne, ba sammun kishiya ba ne, ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, kuma babu hujjar cewa ajiye kuɗi a rigar mama ke kawo shi.

Yanzu gare ku maza. Mata da yawa ba wuƙa suke tsoro ba, abin da zai biyo bayan wuƙar suke tsoro: a ƙaurace wa ɗakinta, a yi mata kishiya tana kwance, ko a miƙa mata takarda. Matar da ta shayar da 'ya'yanka da wannan mama ba ta cancanci ta zaɓa tsakanin ranta da aurenta ba. Kalma ɗaya daga bakin miji, cewa ko an cire ko ba a cire ba kina nan matata, tana iya kai mace asibiti wata shida kafin lokacin da za ta je da kanta. Wani lokaci ma miji ne ke fara jin ƙullutun. In ka ji, kada ka yi shiru. Ka sani kuma maza ma na kamuwa, kusan 1 cikin 100 na masu ciwon.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da mu. Duk watan Oktoba gari kan cika da ƙyalle mai ruwan hoda da jawabai kan sankarar mama, amma mafi yawansu da Turanci da Twi da Ga ake yi. Hajiyar da ke sayar da waake a bakin titi, wadda Hausa ce harshen da take tunani da shi, saƙon kan wuce ta sama. Ba wanda zai cike wannan giɓi sai mu. Limamai su ware huɗuba guda a shekara. Gidajen rediyo masu shirin Hausa su gayyato ma'aikatan jinya 'yan Zango, muna da su. Magajiyoyi da ƙungiyoyin mata Musulmi irin FOMWAG su zaɓi mata biyu a kowace unguwa, masu jin Turanci da riƙon amana, waɗanda za su raka mace asibiti, su fassara mata abin da likita ya ce, su kuma bi ta har ta gama magani. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Ke kuma 'yar uwa, ga abin da ke hannunki. Duk wata, bayan kin yi wankan tsarki daga al'ada da 'yan kwanaki, ki tsaya gaban madubi ki duba, sannan ki shafa kowane mama da tafin yatsunki har cikin hammata. Idan al'ada ta ɗauke miki, ki riƙe ranar ganin sabon wata. Idan kin kai shekara 40 ki je a duba ki ko ba ki ji komai ba, ki tambayi inda za ki yi mamogiram. Idan mahaifiyarki ko 'yar uwarki ta yi ciwon, ki gaya wa likita tun kafin ki kai wannan shekaru. Shayarwa tana rage haɗari, amma ba ta kawar da shi, kuma ƙullutun da ya fito lokacin goyo bai baje ba bayan mako biyu shi ma a kai shi a gani. Duk abin da kika ji wanda da babu shi, kada ki jira ya yi zafi, kada ki jira bayan Sallah ko bayan bikin 'yarki. Ki je cikin makon.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kuma ba mu ikon yin abin da ya rataya a wuyanmu. Wanda ya karanta, ya karanta wa wadda ba ta iya karatu ba.